Jagoran Aro Ba Ya Kai Mutum Gida

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wani yayi da ya shigo mana wanda ya kamata mu dube shi da idon basira tun bai zame mana jiki ba. Duk wanda ya ɗan sami abin hannu ya mallaki mota, tun daga 'ya'yan manya da ke cikinmu har zuwa wasu malamanmu, sai ka ga ya liƙa wani ɗan akwati a gilashin gaba, ko ya kafe wayarsa a gefen sitiyari, wata murya tana ce masa da Turanci ya yi dama, ya yi hagu. Wannan ita ce na'urar nuna hanya. Ƙarfen bai yi mini laifin kome ba. Wanda nake ja da shi shi ne mai ganin cewa da ya saye ta ya yi ban kwana da tambaya, har ya fi ɗan acaɓan Kwangila sanin Zariya.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don rashin sani ya fi dare duhu. Ma'aikatar Tsaron Amurka ce ta ƙirƙiro tsarin da ake kira GPS domin amfanin sojojinta. Ta harba tauraron ɗan Adam na farko a 1978, tsarin kuma ya kammala a 1995 da taurari 24, suna kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,000 daga ƙasa. Kowane tauraro yana aiko da saƙo mai ɗauke da lokaci da kuma inda yake. Idan na'urar ta kama saƙon guda huɗu, sai ta lissafa daidai inda take a doron ƙasa. To, nan aikin tauraro ya ƙare. Bai san sunan unguwa ba, bai san gada ta karye ba. Sauran aikin duka na taswirar da aka zuba a cikin na'urar ne. Saboda haka wanda ya sayi na'ura, a haƙiƙa taswira ya saya, kuma tambayar da ta wajaba a kansa ita ce: wa ya zana ta?

A nan gizo ke saƙa. Da yawa daga cikin irin waɗannan akwatuna, ko Garmin ko TomTom, kwance ne daga Turai, sun zo da taswirar Ingila ko ta Jamus a cikinsu. Mutum zai zuba kuɗinsa ya sayi abin da ya san kowane lungu na Landan, alhali kuwa bai taɓa jin sunan Hayin Dogo ba. Ko wadda ke da taswirar Nijeriya ma, iyakar ƙoƙarinta manyan tituna. Za ta ɗauke ka daga bakin ƙofar jami'a, ta bi da kai titin Sakkwato, ka wuce Palladan da Kwangila har PZ, tafiyar da ko makaho da sandarsa ya san ta. A tsakiyar Sabon Gari za ta taɓuka wani abu, domin bayan isowar jirgin ƙasa a wajejen 1911 Turawan mulkin mallaka sun yanka wurin layi-layi, aka kuma raɗa wa titunan sunaye. Amma fa ka ratse cikin Samaru, ko ka nufi Bomo, ko ka kutsa lungunan cikin ganuwa ta Ƙofar Doka, sai jagoran ya fara kame-kame. Mutanenmu ba da lambar gida suke kwatance ba. Cewa suke yi bayan masallacin Juma'a, ko gindin darbejiya, ko daura da mai shayi. Wannan ilmi a kan jama'a yake, ba a cikin akwati ba.

Da a ce abin ya tsaya ga ɓata lokaci da ƙona mai, da mun yi dariya mun wuce. Amma maganar ta kai ga rai. Na'urar an gina ta ne ta zaɓi hanya mafi kusa ko mafi sauri. Ba ta san cewa da damina zaizayar ruwa kan cinye hanya a dare ɗaya ba. Ba ta kuma san irin ta'asar da 'yan bindiga suka yi wa matafiya a yankunan Giwa da Birnin Gwari ba. Direban tasha ya san wace hanya ake bi da hantsi, wacce kuma ba a kusanta bayan la'asar, domin labari yana iske shi kullum daga bakin abokan sana'arsa. Wanda ya rufe gilashi ya ƙi tambayarsa don girman kai, ya ɗauki ransa da na iyalinsa ya damƙa wa baƙo, baƙo kuwa ko da ido makaho ne.

Daɗin daɗawa, kada mu manta da mai abin. Har zuwa watan Mayu na 2000, da gangan Amurka take gurɓata saƙon da farar hula ke samu, ta yadda kuskurensa kan kai mita 100. Wanda ya iya buɗewa, ai ya iya rufewa. Wannan ne ya sa Rasha ta riƙe nata tsarin, Tarayyar Turai ta kafa Galileo, Sin kuma ta kammala BeiDou a 2020. Sun gane cewa kayan aro ba ya rufe katara. Mu kuwa da muka kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, muka harba tauraronmu na farko a 2003, har yau ɗan Samaru yana jiran wani a ƙetaren teku ya gaya masa hanyar gidan kawunsa.

Na san wasu za su ce ni ɗan baya ne, maƙiyin ci gaba. A'a. Na'urar tana da rana. Wanda ya shiga Legas ko Abuja karon farko zai gode mata. Mun kuma ga abin da taswira ta gari ta yi a yaƙi da shan inna a Arewa, inda aka gano ƙauyuka da rugage da dama waɗanda ba sa cikin tsofaffin taswirori, aka kai musu rigakafi, har aka tabbatar da kawar da cutar ta asali daga Nijeriya a 2020. Ashe ke nan wanda ba ya kan taswira, hukuma ma mantawa take yi da shi.

Saboda haka ga shawara. Mai niyyar saye, kafin ya miƙa ko kwabo, ya sa mai kanti ya kunna ta, ya nemi Shika, ya nemi Basawa, ya nemi Tudun Wada. In ta rasa su, ya riƙe kuɗinsa. Ya tambaya ko ana sabunta taswirar, kuma nawa ake biya. Ya sani zafin ranar bazara kan kashe batirin abin da aka bari a gilashi, ɓarawo kuma yana da ido. Bayan duk wannan, ya sauke gilashi ya yi sallama, matambayi ba ya ɓata.

Babban kiran kuwa ga ƙungiyarmu ne. Jami'ar Ahmadu Bello tana zaune a Samaru tun 1962, tana da sashen labarin ƙasa, da na safiyo, da na tsara birane. Akwai kuma OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Ingila a 2004, wadda kowa ke da ikon ƙara mata titi da suna kyauta. Me zai hana ƙungiyar ɗalibai ta ware hutu guda, mu zauna da masu unguwanni da direbobi da 'yan acaɓa, mu zana Samaru da Sabon Gari layi bayan layi, da sunayen da jama'a ke kiran su? Me zai hana mu matsa wa Ƙaramar Hukumar Sabon Gari lamba ta kafa alluna a bakin tituna? Mun ci ruwan garin nan, mun ci abincinsa, mun kwana a ɗakunan hayarsa. In muka karɓi digiri muka tafi, motar asibiti tana ci gaba da laluben gidan mai naƙuda, to ba mu biya bashi ba.

Da ɗan gari kan ci gari. Allah ya sa mu gane.