FILIN GONA DA GARKA: In magarya ta yi yawa, kada a bar ta ta ruɓe

Ɗari ya shigo, magarya ta nuna. A ƙasar Dogon Kiriya, arewa da Dogon Dutsi, kowa ya san magarya. Yara na tsintar ɗiyanta a daji, awaki na cin ganyenta, manoma na shinge da ƙayarta.

Amma yanzu magarya iri biyu ce. Akwai ta daji, mai ƙananan ɗiya. Akwai kuma ta garka, mai aure, wadda malaman gona ke kira Pom di Sahel. Irinta daga ƙasar Indiya ya fito, wanda aka fi sani shi ne Gola. Bayan shekarar 2000 cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa ta cikin ƙasar Nijar. Ana yanko reshenta a ɗaura bisa magaryar daji. Saiwa ta gida ce, mai jure fari. Ɗiya kuwa manya ne, masu ruwa da zaƙi.

Ruwan nan shi ne daɗinta, shi ne kuma matsalarta. Ta daji tana bushewa da kanta bisa itace. Ta garka, in aka tsinke ta nunanna, cikin kwana kaɗan sai ta yi laushi ta lalace. Ga shi duk itatuwa tare suke nuna. Mai garka ya kai kasuwar Matankari ko ta Dutsi, ya tarar kowa ya kawo. Kuɗin tiya ya faɗi, kuɗin mota bai faɗi ba. Wahalar ban ruwa ta wata da watanni sai ta tashi a banza.

Ga abin da mai garka zai yi.

Na farko, tsinka. A tsinka da hannu, da sanyin safiya, kowane kwana 2 ko 3. Kada a girgiza itace, kada a buge shi da sanda. Ɗan da ya faɗo ƙasa ya ƙuje, nan ruɓa take farawa.

Na biyu, rabo. A yi kashi uku. Masu ƙarfi waɗanda suka fara ɗorawa, su ne na kasuwa. A sa su a kwando da ganye a ƙasa, a aje a inuwa. Kada a ƙulle su a leda, don zufa suke yi su ruɓe. Waɗanda suka nuna sosai har suka fara ja, su ne na shanya. Masu tsutsa, su ne kashi na uku.

Tsutsar nan ɗiyar wani ƙuda ce da ke ƙwai cikin ɗan magarya. In aka bar masu tsutsa a gindin itace, tsutsa ta shiga ƙasa, ta fito ƙuda, ta koma bisa itace. Saboda haka a riƙa tsince su kullum. A ba awaki da tumaki kaɗan kaɗan. Sauran a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ko fi, a rufe su.

Na uku, shanya. A wanke ɗiyan da ruwa mai tsabta. A tsoma su cikin tafasasshen ruwa minti 2 zuwa 3, a kwashe, a tsane. Wannan yana sa su bushe da wuri, su yi kyan gani. Manya a tsaga su da wuƙa a cire ƙwallo. A baza su bisa sabuwar tabarma a kan rumfa, inda kaji da awaki ba su kai. Kada wani ya hau kan wani. A rufa da mayafi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙurar hunturu. A juya su sau biyu a yini, da dare a shigar ɗaki. Shanya tana cin kwana 7 zuwa 10. In aka matsa ɗa da yatsa ba a ga ruwa ba, ya bushe.

Na huɗu, ajiya. A bari su huce, a zuba a busasshen tulu ko jarka mai marfi, a rufe da kyau. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko kananzir ba ta ajiyar abinci, ko an wanke ta. Kowane wata a buɗe a duba. In an ga ƙwari ko danshi, a sake shanyawa yini guda. Wanda ya yi funfuna a zubar.

Busasshiyar magarya tana da hanyoyin ci da yawa. Ana taunar ta haka nan. Ana jiƙa ta ta kwana, a tace ruwan a dama kunu, sai sukari ya ragu. Ana dafa ta, a tace, a mai da ruwan bisa wuta har ya yi kauri kamar maɗi. Mata kuma sun san akuri tun kaka da kakanni: a daka a hankali don kada ƙwallo ya fashe, a tankaɗe, a yayyafa ruwa, a dunƙula, a turara. Ta garka ba ta ba da gari kamar ta daji, shi ya sa ake haɗa su biyun.

Amma kafin shanya da kasuwa, yaran gida su fara ci. Ɗanyar magarya tana da bitamin C da yawa, mai hana dasashi zubar da jini, mai taimaka wa miki ya warke. Wuta da rana suna rage shi. A kuma tuna da maƙwabta da makiyayan da suka sauka a gona. Ƙwaryar magarya tana iya dawowa da ƙwaryar nono.

Dattawan Arewa ba su manta da 1973 da 1984 ba, matasa ma sun ga 2005, shekarun da mutane da yawa suka koma ga anza. Bayan farin 1984 ne gwamnatin Seyni Kunce ta tsaya kan noman rani, garake suka yawaita a fadamun Dallol Mawri. Garka tana ba da amfani lokaci guda, ciki kuwa shekara duka yake nema. Idan damina ta faɗi, rumbu ya yi ƙasa, tulun magaryar da aka rufe da ɗari zai ciyar da yara, ya kuma kawo kuɗin gishiri. Ajiya maganin wata rana.

Wata mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai yi magana kan sassabe rassan magarya bayan an gama tsinka.