Hayaƙi a Ɗakin Matuƙa: Waya Ce ko Dila?

Alhazan Gaya da Ajingi, da fataken da kan je Jidda sarin yadi, galibi daga filin jirgi na Malam Aminu Kano suke tashi, a nan kuma suke sauka. Saboda haka maganar hayaƙi cikin jirgin sama ta shafe su ƙwarai.

Ran 19 ga Disamba 1994 wani jirgin kaya na Nigeria Airways, samfurin Boeing 707, ya taso daga Jidda zuwa Kano. Da ya kusa Njamena sai injiniyan jirgi ya ji wani baƙon wari. Aka duba, aka ga hazo wajen ɗaurin kaya na 11, aka fesa masa maganin wuta, abu ya yi kamar ya lafa, aka ci gaba da tafiya. Daga bisani hayaƙi ya turnuƙe ɗakin matuƙa, jirgi ya faɗi cikin fadama kusa da Kiri Kasamma a ƙasar Haɗeja. Mutum 5 ke ciki, 3 suka rasu. Masu bincike suka ɗora alhakin a kan wani abu mai haifar da zafi da aka ɓoye cikin yadudduka. Lalle wannan magana ce mai nauyi ga duk ɗan kasuwan da kan cusa kaya a dila ba tare da ya faɗa ba.

Amma hayaƙin da ya fi wuyar ganewa shi ne na wayar lantarki, gama wayoyin jirgi a bayan bango da rufi suke, inda ido ba ya kai. Ran 2 ga Satumba 1998 jirgin Swissair ya tashi daga New York zuwa Geneva da mutum 229. Matuƙa suka ji wari, suka zaci daga na'urar iska ne. Kimanin minti 21 bayan haka jirgin ya faɗa teku kusa da Halifax ta Kanada, ba wanda ya tsira.

Hukumar bincike ta Kanada ta tsamo kashi 98 cikin 100 na nauyin jirgin daga ƙarƙashin ruwa, ta harhaɗa goshinsa, sa'an nan ta bi wayoyi ɗai ɗai tana neman inda jan ƙarfe ya narke ya dunƙule, watau tabon tartsatsi. A nan wuyar take. Waya takan yi tartsatsi ta kunna wuta, wuta kuma takan cinye rigar waya ta sa ta tartsatsi, tabon kuwa kusan iri ɗaya ne. Malamin da ya saba tantance isnadi ya san irin wannan aiki: wa ya riga wa? Sai a Maris 2003 rahoto ya fito. An sami tabon a wayar na'urar kallo ta fasinja, daidai inda wuta ta soma, amma hukumar ba ta yanke cewa ita ce mafari ba. Abin da ta tabbatar shi ne bargon da aka shimfiɗa a rufin jirgi don tsare zafi da sanyi yana cin wuta, shi ya yaɗa ta.

Bayan wannan aka umarta a cire irin bargon daga jirage, aka kuma gyara ƙa'idar matuƙa: in an ji hayaƙin da ba a san asalinsa ba, a soma shirin sauka tun ana neman mafarinsa. A Nijeriya, tun 2022 hukumar NSIB ke riƙe da irin wannan bincike.