Dukiya Muke Cinna wa Wuta a Bola

Abin kunya ne a ce ƙasar da mata ke kukan tsadar gas ɗin girki, manoma ke kukan tsadar takin zamani, ita ce kuma ke kwashe ruɓaɓɓen tumatir da kashin shanu da ɓawon rogo tana jibgewa a bola tana cinna musu wuta. Wannan sakaci ne, kuma laifin yana wuyan hukumomin tsaftar muhalli da shugabannin kasuwanni da masu kuɗinmu da ba su san wata sana'a ba sai sayen fili da gina shaguna.

Ku leƙa kowace babbar kasuwar kayan gwari idan tumatir ya yi yawa. Kwanduna ne ake kifarwa a gefen titi, ruwansu na tsiyaya cikin kwata, ƙudaje sun yi baƙi a kai, ga yaro zaune a gefe yana sayar da awara. Ku wuce mayanka da hantsi, ku ga jini da abin da aka zazzage daga tumbin shanu suna bin magudanar ruwa zuwa rafin da ake ban ruwan latas da shi. A bayan injinan casar shinkafa kuwa, ɓuntu ne tsibi-tsibi yana cin wuta kwana da kwanaki, tsofaffin unguwa suna ta tari.

Kada wani ya fake da cewa ilimin mayar da shara dukiya na Turawa ne. Matar da ta dafa kalwa ta rufe ta kwana biyu zuwa uku har ta zama daddawa, ƙananan halittun da ido ba ya gani ta sa aiki. Matatar sarrafa shara ma haka take, sai dai tukunyarta babba ce kuma ana lura da zafinta. A zuba kashin dabbobi da ruɓaɓɓun kayan lambu cikin tanki, a toshe wa iska hanya, ƙwayoyin bakteriya su cinye su, su fitar da iskar da fiye da rabinta methane ce, wadda ake girki da ita, ake kuma tayar da janareta. Abin da ya kwanta a ƙasan tankin taki ne da gona ke marmari. Baƙin ruwan da ke saura bayan an tace sukari daga rake kuwa, yis na mayar da shi ethanol, wani nau'in fumfuna na mayar da shi sinadarin tsami da ake zubawa a lemon kwalba.

Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, Brazil ba ta tsaya kuka ba. A 1975 ta kafa shirin Proálcool na yin mai daga rake, yau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fetur ɗin da ake sayarwa a can ethanol ne, tuƙar raken kuma ita ke ba injinan sarrafa shi wuta. A Indiya, birnin Indore ya buɗe matata a 2022 mai iya cin tan 550 na jiƙaƙƙiyar shara a kullum, ana zuba gas ɗinta a motocin haya na birnin. Abin da ya ba mutanen Indore nasara shi ne tun daga gida ake ware sauran abinci daban, leda da kwalba daban. Mu fa? Leda, batir, allurar asibiti da sauran tuwo duk a buhu ɗaya. Babu tankin da zai yi aiki da wannan haɗin gambiza, kuma babu wanda ya taɓa tilasta mana rarrabewa.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gidaje da yawa suka koma itace da gawayi, dazuzzukan da suka rage mana suna ƙarewa. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada, to mu ba mu san inda take tsada ba, ƙonawa kawai muke yi.

Shugabannin mahauta da na 'yan gwari, kuna karɓar kuɗin shara daga kowace rumfa kullum. Ku ware wani kaso ku gina tanki ɗaya a bayan mayanka, ku ɗauki ɗaliban jami'a da suka karanci fannin su kula da shi, a biya su albashi. Gwamnoni kuma su sa dokar raba shara a manyan kasuwanni, su hukunta wanda ya cinna wa bola wuta a tsakiyar unguwa.