A binne bututun faiba kafin kwalta ta rufe hanyar Illela

Duk saƙon da ka tura daga Illela, idan ya bar eriyar kamfanin waya, yawancin tafiyarsa a cikin zaren gilashi yake yi, siriri kamar gashin kai, har Legas inda wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka. Mutane da yawa sun ɗauka zaren nan ba ya cika. Yana cika.

Zare ɗaya yana ɗaukar launukan haske da dama a lokaci guda, kowane launi da nasa saƙon. A layukan nesa ana jera su kusa da tsawon zango na nanomita 1550, wani lokaci tazarar da ke tsakanin launi biyu ba ta wuce nanomita 0.8 ba. Idan suka matsu, sai su riƙa kutsa wa juna. Hasken wani launi yana ɗan sauya yanayin gilashin, maƙwabcinsa ya gurɓace. Launuka uku ma kan haɗu su haifi na huɗu, ya faɗa kan layin wani.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karanta wannan shi ne, ƙara ƙarfin haske ba ya magance matsalar. Kamar 'yan kara ne a kasuwa: kowa ya ɗaga murya, ba mai jin kowa. Kuma gurɓatar tana taruwa da nisa, ga shi tsakaninmu da Legas ya haura kilomita 1,000.

Gaskiya, Illela ba ta kusa cika zare ɗaya a yau ba. Amma layin da zai zo nan ba namu kaɗai ba ne, Sakkwato na kai, Ƙonni na tsallaken iyaka.

A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000, kuma a shekarar aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, wadda ta faro daga garin nan. Tonon rami ne ke cin kuɗi, gilashin kansa yana da araha. Tunda ƙasa a buɗe take, a binne bututu da zare masu yawa tun yanzu, a bar wasu ba a kunna ba. Idan wakilanmu suka zo suna lissafa mana kilomita, mu tambaye su zare nawa ne a ciki, kuma wa aka yarje wa ya yi haya.