Matsayin Tafintan Kurame a Kwalejojin Ilimi

A duk lokacin da kwaleji ta ba kurma gurbin karatu, ta karɓi kuɗin rajistarsa, ta kuma sa sunansa cikin masu zana jarrabawa, to ta ɗauki alkawarin cewa abin da malami ya faɗa a aji zai isa gare shi kamar yadda ya isa ga sauran ɗalibai. Wanda cika alkawarin nan ya rataya a wuyansa shi ne tafinta, wato mutumin da ke tsayawa gefen malami yana mayar da furucin baki zuwa maganar hannu, yana kuma mayar da maganar hannun ɗalibi zuwa furuci. Sai dai a wurare da dama kallon ɗan agaji ake yi wa wannan mutum. Akan nemo wani ɗalibi da ya ɗan iya nuni, ko wani ɗan'uwan kurman, a ce ya taimaka don Allah. Wannan kuskure ne babba, domin tafinta sana'a ce ta harshe, kuma kurman da aka haɗa da tafinta marar ƙwarewa bai halarci laccar ba, ko da kuwa a kujerar gaba ya zauna.

Tushen kuskuren shi ne zaton da ake yi cewa maganar hannu nune-nune ne kawai, irin wanda kowa ke yi in ya haɗu da wanda ba ya jin harshensa. Masana kimiyyar harshe sun daɗe da rushe wannan zato. Tun a 1960 William Stokoe na kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Amurka ya nuna cewa kowace alama tana da ƙwayoyin da suka gina ta, wato siffar hannu da wurin da aka aza shi da motsinsa, kamar yadda kalma ke da baƙaƙe da wasula. A ƙasar Hausa ma, Constanze Schmaling, wata masaniya daga Jamus, ta zauna da kuramen Kano ta nazarci harshensu, ta fitar da littafi a kansa a 2000. Ke nan maganar hannu harshe ne mai nahawunsa, ba Hausa ba ce da aka kwafe da yatsu. A cikinta ɗaga gira na iya mayar da jimla ta zama tambaya, kuma gefen da aka nufa da hannu ne kan bambanta wanda ya ba da abu da wanda ya karɓa. Wanda ya haddace alamomi ɗari biyu bai fi wanda ya haddace kalmomin Larabci ɗari biyu ba, kuma ba mai hankalin da zai sa irin wannan ya fassara huɗuba.

A Arewacin Nijeriya al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin maganar hannun ba ɗaya ba ce. Akwai ta gargajiya, wadda kurame suka gada a kasuwanni da unguwanni tun kafin zuwan boko, har ma akwai sarautar sarkin bebaye a Kano. Akwai kuma ta makaranta, wadda tushenta na Amurka ne. Andrew Foster, wani baƙar fata kurma ɗan mishan, shi ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, kuma ta hannunsa da ɗalibansa alamomin Amurka suka bazu a makarantun kurame na ƙasar nan. Saboda haka kurman da ya bi ta irin makarantar Tudun Maliki ta Kano kan iso kwaleji da harsunan hannu biyu da rubutaccen Ingilishi. Wani kuwa da ji ya tashi, sai sanƙarau ko ƙyanda suka kurumtar da shi bayan bakinsa ya buɗe, yana jin Hausa a zuciyarsa amma bai ƙware a alamomi ba. Wajibin tafinta ne ya gane da wane iri yake aiki tun ranar farko. In aka haɗa da ɗabi'ar malaman kwaleji ta surka Hausa da Ingilishi a jimla guda, za a ga cewa harsuna huɗu ne ke kai-komo a kan mutum ɗaya.

Darasin Hausa ya fi kowane darasi fito da nauyin aikin fili. Alal misali, malamin tsarin sauti ya ce wa aji su saurari bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya, ko gari na mutane da gari na tuwo. Bambancin na karin sauti ne da tsawon wasali, abubuwan da wanda aka haifa kurma bai taɓa ji ba, kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna su. In tafinta ya jera harufan kalmar da yatsu, abu guda zai fito sau biyu. Dole ya san mene ne karin sama da karin ƙasa kafin ya iya siffanta su, dole kuma malami ya sa alamomin karin a allo. Haka nan harufan yatsu da aka aro 26 ne, na Ingilishi, babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsu, alhali lanƙwasar nan ita ce ta raba bari da ɓari, ta raba kare da ƙare. Sai tafinta da ɗalibi sun yi ittifaƙi a kan yadda za su riƙa nuna su. Sannan ga keɓaɓɓun kalmomi irin su ɗafi da tsigalau da naso da ƙirar kalma. Tafintan da bai taɓa cin karo da su ba sai a bakin malami, a tsakiyar lacca, abin da zai isar kame-kame ne. Ga kuma karin magana da habaici da zambo, waɗanda in aka bi su kalma da kalma ma'anarsu ta tafi.

Wasu kan ce ai kurma na iya karanta leɓe, ko ya ari littafin abokinsa ya kwafa. Mai ilimin furuci ya san amsar ta farko. Sautukan b da ɓ da m duk a leɓe ake furta su, ido ba ya raba baba da mama, su kuwa k da ƙ da g can ciki suke inda ba a gani. Kwafar rubutu kuma ba ta maye gurbin lacca, domin ba a yi wa takarda tambaya. Hujjar da ta fi waɗannan ƙarfi ita ce ta kuɗi: yaya za a ɗauki ma'aikaci saboda ɗalibai uku ko huɗu? Gaskiya ne akwai tsada, kuma tsadar ta fi yadda ake zato, don a ƙasashen da sana'ar ta kafu tafintoci biyu ake haɗawa a doguwar lacca, suna karɓa-karɓa bayan kamar minti 20 zuwa 30, saboda in ƙwaƙwalwa da kafaɗa suka gaji fassara kan fara zubewa ba tare da mai yin ta ya lura ba. Amma ƙarancin kurame a manyan makarantu sakamakon rashin tafintoci ne, ba dalilin ƙin ɗaukar su ba. Bugu da ƙari, abin ya wuce ganin dama. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, kuma dokar hana nuna musu bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa makarantun gwamnati har da na gaba da sakandare su tanadi horarrun ma'aikata dominsu, ta kuma ce a sa maganar hannu cikin manhaja.

Ɗaukar tafinta kaɗai bai isa ba, sai an tantance shi, kuma kurame ne suka cancanci yin tantancewar. Abin da ya faru a Johannesburg a Disambar 2013 ya isa izina. A taron tunawa da Nelson Mandela wani mutum ya tsaya kusa da shugabannin duniya yana ta kaɗa hannu, masu ji suna kallo ba wanda ya ga aibu, har sai da kurame suka ce abin da yake yi ba shi da ma'ana. In hakan ta yiwu a gaban kyamarorin duniya, ta fi sauƙin yiwuwa a ajin da shugaban sashe ba ya gane alama ko ɗaya. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman a Oyo tun 1977, akwai sassan ilimi na musamman a jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero, akwai kuma ƙungiyar kurame ta ƙasa. Wuraren neman shawara ba su yi kaɗan ba.

Shi ma tafinta akwai haddin da bai kamata ya ƙetare ba. Ba nasa ba ne ya amsa tambaya a madadin ɗalibi, ko ya gyara masa amsar da ya kuskure, ko ya rage kaifin faɗan malami don tausayi. Tausayin irin wannan cutarwa ne, domin ɗalibin da aka ɓoye wa kuskurensa zai gamu da shi a ɗakin jarrabawa. Abin da ya ji kuwa a ofishin shugaban sashe ko a asibitin makaranta amana ce, shi ya sa ya kyautu a samu mata a cikin sana'ar, saboda akwai maganar da ɗaliba ba za ta yi ta hannun namiji ba.

Ragowar nauyin yana kan malamin aji, kuma a nan ne maganar ta shafi ɗalibin da ke koyon malanta. Kurma da ido yake ji, ba zai kalli tafinta da allo da littafinsa a lokaci guda ba. Malamin da ke rubutu yana bayani, ko yake cewa a duba wannan a kwatanta da wancan ba tare da ya dakata ba, ya bar shi a baya. Fassara kan biyo bayan magana da 'yan daƙiƙoƙi, don haka in an jefa tambaya aka karɓi amsar wanda ya fara ɗaga hannu, kurma ba zai taɓa samun amsawa ba, daga baya kuma a ce ba shi da ƙoƙari. Ya kamata a ba tafinta bayanan darasi da sababbin kalmomi kwana ɗaya ko biyu kafin lacca, a tsayar da shi inda haske ke sauka a fuskarsa ba taga a bayansa ba, in kuma wuta ta ɗauke a laccar yamma a san cewa darasin kurma ya tsaya a nan. Idan malami zai yi magana da ɗalibin, shi zai fuskanta ya ce, "Musa, ina aikinka?" maimakon ya juya wajen tafinta ya ce, "Tambaye shi ina aikinsa."