Allurar Ƙarin Jini da Ƙwayoyin da Ke Sarrafa Ta



Duk wanda ya taɓa raka mai ciwon ƙoda daga Limawa zuwa asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ya san wankin ƙoda ba shi ne kaɗai ɗawainiyar ba. Akwai allurar ƙarin jini, 'yar mitsitsiyar kwalba da sai an adana ta a firji, ga kuma tsada. Lafiyayyar ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini. Idan ta gaza, sai ka ga idon mara lafiya ya yi fari fat, tafiya kaɗan sai haki. Allurar ita ce ke maye gurbin wannan sinadari.

To, daga ina wannan allura take fitowa? A 1957 wani masani a Amurka, Theodore Puck, ya ɗebi ƙwayoyin halitta daga jikin hamsta, wata 'yar dabba mai kama da ɓera, ya raya su a ɗakin bincike. Zuriyarsu ce ake kiwo har yau. A 1983 kamfanin Amgen ya ware ƙwayar gadon ɗan Adam mai ɗauke da umarnin wannan sinadari. Aka dasa ta cikin ƙwayoyin hamstar nan, a 1989 hukuma ta amince da maganin. Bakteriya ba za ta iya aikin ba, domin sinadarin furotin ne da sai an lulluɓe shi da wani irin sukari kafin ya daɗe a cikin jini.

Inda gwanintar take shi ne ƙara yawan abin da kowace ƙwaya ke bayarwa. Akan haɗa ƙwayar gadon da wata mai kare rai daga guba, sannan a riƙa zuba guba kaɗan-kaɗan. Ƙwayar da ta ninka kwafin gadon ita ke tsira, ita ce kuma ke ba da furotin da yawa. Kamar dai manomi ne ke ware zangarniya mafi kyau don iri. Da wannan da sauran dabaru, lita ɗaya ta ruwan kiwon ƙwayoyin da a da take ba da 'yan miligiram, yanzu tana ba da giram-giram.

Mu kuwa daga waje muke saye, kullum farashi na bin dala. Wannan ilimi ba tsafi ba ne, koyonsa ake yi. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, muna da matasa masu basira. Muna kira ga gwamnati da masu hannu da shuni su samar musu da ɗakin kiwon ƙwayoyin halitta da wutar da ba ta yankewa.