Ƙaramar Kwamfutar Da Ba Ta Jiran Sabis

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kun tuna watan Satumbar 2021? An wayi gari a Zamfara babu sabis kwata-kwata, bisa umarnin hukumar sadarwa ta NCC, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Daga Ƙaura Namoda har Shinkafi da Zurmi, wayar da muke ji da ita ta koma tocila da agogo. Masu POS suka naɗe tabarma. Mai son kiran ɗan'uwansa sai ya shiga mota ya tsallaka wata jiha.

Abin da na koya a lokacin shi ne, yawancin na'urorin da muke saye an ƙera su ne don ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ta yankewa. Wanda ya zana su bai san Zurmi ba. To wa zai ƙera wadda ta san Zurmi in ba mu ba?

Ni ba injiniya ba ne, aikin jarida nake karantawa, amma na bi diddigin maganar. Cikin POS, da mitar wuta ta kati, da akwatin da ke kula da cajin sola, duk akwai 'yar ƙwaƙwalwa mai ba da umarni. Yanzu ana sayar da irinta ita kaɗai. Raspberry Pi ta fito daga Birtaniya a 2012 kan dala 35, don yara su koyi kwamfuta. Da masana'antu suka yi ca a kanta, sai aka fitar musu da Compute Module a 2014. Samfuri na 4 da ya fito a 2020 milimita 55 ne da 40, bai kai katin ATM ba, a lokacin farashinsa ya fara daga dala 25. Ba shi da allo, ba shi da madannai. Ƙwaƙwalwa ce zalla, kai za ka gina mata jiki daidai da aikinka. Akwai ma ƙanenta masu araha irin su Arduino da ESP32.

Wane aiki? Dubi rijiyar burtsatse mai sola a unguwarku. Tanki ya cika yana ambaliya, ko ruwa ya ja ƙasa famfo na juyawa a bushe har ya ƙone, a yi watanni ana karo-karo. Ƙaramar na'ura mai auna ruwa za ta iya kashe famfon da kanta, ba ta buƙatar ko megabait ɗaya. Dubi firjin allurar rigakafi a asibitin ƙauye, wanda dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8. Na'urar za ta iya yin ƙara idan ya fara ɗumi. Ga mai noman rani a bakin gulbin Gagare, wanda kowace fita gona kasada ce: akwai rediyon LoRa da ke kai gajeren saƙo tafiyar kilomitoci ba tare da layin waya ba, ya sanar da shi ko ƙasa ta bushe.

Na san abin da za ku ce a ƙasan rubutun nan: "Malam, ana ta rai wa yake ta kwamfuta?" Gaskiyarku. Wannan ba zai kori ɗan bindiga ba, kuma da tsadar dala kayan ba na banza ba ne. Amma fa rashin tsaron ne ya sa mai gyara daga Kano ko Kaduna ba zai zo Shinkafi don famfo ɗaya ba. Dole mai gyaran ya zama ɗan gari.

Kuma ba daga sifili za mu fara ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda. Ga masu gyaran waya a kasuwanninmu da hannunsu ya riga ya faɗa da dalma. Abin takaicin dai, ɗalibi ya haɗa na'ura don maki, a tafa masa, ta ƙare a kwaba tana shan ƙura.

Shawarata: ku haɗu ku biyar, ku haɗa kuɗin datar wata guda, ku sayi ESP32 ɗaya. Darussa na nan kyauta a YouTube, ku sauke su tun sabis na nan. Ku fara da tankin masallacin unguwarku. Kuma kafin ku ce kun gama, ku cire layin, ku kashe intanet. In har yanzu tana aiki, to tamu ce.